Ragon Suna a Tsakiyar Tabki

Duk wanda ya zauna Diffa a shekarun da salula ba ta iso ba, in dai ya taɓa sayen sukari ko ashana a layin teloli, to ya san Jibirin Badamagare. In bai san fuskarsa ba, ya san muryarsa. Ba a taɓa kawo zance a gabansa ya ce bai sani ba. Ka ce mota, ya taɓa gyara ta. Ka ce raƙumi, a bayansa aka yaye shi. Kantinsa kuwa in ya miƙa hannu biyu sai ya taɓa bango da bango, amma in yana magana sai ka rantse shi ke ciyar da garin.

A farkon damina ta wata shekara matarsa Yakaka ta haihu, namiji, haihuwar fari, a gidan iyayenta kamar yadda aka saba. Mahaifinta Ba Bunu manomin tattasai ne, gidansa na kallon kogin Komadugu, wanda a lokacin yashi ne zalla, ruwa bai iso ba tukuna. Tun cikin yana ƙarami Jibirin ya sayi rago fari mai baƙin kunne yana kiwo, dusa da harawa ba ya yanke masa. Sunan da za a sa kuwa kowa a layin ya haddace shi: Al'amin, sunan mahaifinsa da ya rasu a Damagaram, Jibirin bai samu jana'iza ba. Wannan ce kaɗai maganar da in ya zo kanta muryarsa ke sauka.

Washegarin haihuwa sai ga shi ya leƙa shagon maƙwabcinsa Anwar tela, hula a gefen kai.

"Anwar, ajiye allurar nan ka ji magana. Sunan ɗana ba irin naku za a yi ba, shinkafa da tsoka ɗaya. Giwan ruwa zan kawo daga tabkin Chadi, wanda sai ƙarti sun taru za a sauke shi."

"A ina za ka saya?"

"Saya? Ni? Kamawa zan yi!"

Ya koma kanti ya kwaso gwangwanaye ya jera su a kan keken Anwar. Gwangwanin madara shi ne damina, lokacin giwan ruwa. Na tumatir kaka, lokacin tarwaɗa. Na sardin sanyi, lokacin karfasa. Bazara kuma ya ajiye mata kwalin ashana, ya ce watan hutu ne, sai a zauna a ci riba. Ya ce ya raba shekarar kaf, daga bana duk kifin da ke tabkin ya san ranarsa.

Anwar ya ce, "Jibirin, a watan nan tabkin ba ya nan."

"Ya tafi unguwa?"

"Ruwansa ba daga samanmu yake zuba ba. Daga kudu yake tahowa, can ƙasar Chadi, sai sanyi ya shiga yake isowa gefenmu. Yanzu ya ja."

Mai ƙosai da ke bakin hanya ta ce haka ne. Mai gyaran keke ya ce haka ne. Wani Bafillace da ya zo karɓar ɗinki, wanda ba a ma tambaye shi ba, shi ma ya ce haka ne. Jibirin ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza kai don tausayi.

"Ni a bakin tabkin Gidimuni aka yanke mini cibi. Ruwan sama ya sauka, tabki ya cika, kifi ya fito. Haka Allah ya tsara tun fil'azal. Ku ce mini a nan ƙasar ne kaɗai tabki ke bushewa da damina ya cika da rani? To ai sai ku ce da ƙafa sama kuke barci!"

Da la'asar ya je gidan surukinsa, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya roƙi aron jirgin da ke kife a yashin kogi. Ba Bunu ba mai yawan magana ba ne. Ya dubi sama, ya dubi surukin nasa, ya ce, "Ɗauka, ɗana. Tun da aka sassaƙa shi bai taɓa hawa mota ba. Shi ma ya ga duniya." Jibirin ya fito yana gaya wa mutane tsohon ya sa masa albarka.

Direbobin tashar Boso, masu bin hanyar tabki, duk wanda ya ji zancen sai ya yi dariya ya juya baya. Ƙarshe ya samu Kashim, mai wata tsohuwar Landiroba, mutumin Maine da bai daɗe da zuwa Diffa ba. Kashim ya san tudun yashi, ya san dabino, amma ruwa bai san kowanne ba sai wanda yake zuba wa inji. Jibirin ya zaunar da shi ya kwatanta masa girman giwan ruwa da hannu biyu, har Kashim ya yarda ba sai an biya shi ba, a raba kifi biyu kawai.

Ranar tafiya layin teloli ba wanda ya yi aiki. An ɗaure jirgi a saman mota, baki sama. An zuba ƙugiyoyi, da koma, da buhun gishiri. Duk abin da ke aljihun Jibirin a nan ya ƙare. Shi kansa ya fito da jarkoki biyu ɗaure a ƙugu da igiya, saboda ɗan bakin Gidimunin namu bai iya iyo ba, ko da yake shi cewa ya yi don ya koya wa masunta tsari ne. Ana shirin tashi sai ga shi ya jawo ragon suna.

Anwar ya miƙe tsaye. "Kai, Jibirin! Shi kuma wannan me ya yi maka?"

"Ciyawar bakin tabki zai ci. In ya dawo sai an fasa ƙofar gidan Ba Bunu kafin ya shiga."

"Don girman Allah ka bar ragon nan."

"Anwar, kai dai ɗinka mini babbar riga. Ka sa aljihu mai zurfi."

Aka cusa rago a baya. Mota ta yi tari, ta yi hayaƙi, ta tashi, Jibirin na ɗaga wa mutane hannu ta taga.

Sun sha yashi, sun sha rana, sun sha turi. Suka wuce Baruwa, Jibirin bai yarda a tsaya tambaya ba, ya ce ƙamshin ruwa yake ji a hancinsa. Suka gangara wata ƙasa baƙa mai tsagewa, suka ratsa dajin ƙaya, suka fito cikin gonaki. Masara ce kore shar, iyakar ganinka. Kashim ya fara gumi.

"Malam Jibirin, man motar nan fa ba daga rijiya nake ɗebo shi ba. Ina ruwan?"

"Bayan masarar nan."

Bayan masarar akwai wata masarar. Da Kashim ya gaji sai ya taka birki kusa da wata tsohuwa da ke noma, ita kaɗai, zani ɗaure a ƙugu. Ya Kaltumi ake ce mata. Ta dogara da hauya ta ƙare wa motar kallo, daga taya har jirgi, sannan ta sauko da ido kan jarkokin da ke ƙugun Jibirin.

"Sannu Iya. Ina hanyar tabki?"

"Kana tsakiyarsa."

"Iya, ba wasa na zo yi ba."

"Ni na yi maka kama da abokiyar wasanka? Da sanyi ne, inda motar nan take tsaye ruwa ya shanye ta har abin da kuka ɗora mata. Ni da ruwan karɓa-karɓa muke yi. In ya zo na ba shi wuri, in ya ja na shuka."

"To yanzu ina ya tafi?"

"Bai yi mini sallama ba. Bi shi gabas, in kana da takardar ƙetare iyaka." Ta juya ga Kashim. "Kai direba, wannan Afunon, Bahaushen nan naka, daga wane asibiti ka ɗauko shi?"

Kashim ya kifa kai a kan sitiyari. Tsohuwa ta ce in dai kifi ne, guda ɗaya ya rage a ƙasar nan, gaiwa, wadda in ruwa ya ja take shigewa cikin laka ta naɗe ta yi barci. Wannan kuwa da hauya ake kama ta.

Da wani ne, da ya ji kunya ya juya. Jibirin sai ya tafa hannu.

"Ai ita na zo nema! Kashim, ɗago kanka. Kamun kifi da jirgi na yara ne, manya da hauya suke yi. Jirgin nan don ɗaukar kaya na kawo shi."

Ya Kaltumi ta ba shi aron hauya don ta ga ƙarshen abin. Ta nuna masa wani fako can bayan gona ta ce ya je ya gwada, ita za ta bukka ta yi azahar. Tana ba da baya Jibirin ya dubi fakon ya taɓe baki. Ya ce wane kifi mai hankali ne zai kwanta a rana ga inuwa? Ai ƙarƙashin masara ake samun sanyi. Ya kwance rago ya ce ya je ya more ciyawar tabki, shi kuma ya faɗa gonar tsohuwa.

Wayyo masara! Ya haƙa nan, ya ce ta gudu can. Ya haƙa can, ya ce ta ji motsinsa. Duk inda ya sara sai kara ya kwanta. Kashim na ta kiran, "Malam, gonar mutane ce fa," shi kuwa yana cewa in tsohuwa ta ga kifi ita za ta gode masa. Can kuwa, Allah da ikonsa, hauya ta fasa wani dunƙulen laka, sai ga abu baƙi a naɗe.

"Kashim! Zo ka ga aikin maza!"

Ya zura hannu. Gaiwa dai barcinta take, aka tashe ta ba sallama. Ta kama babban yatsansa ta datse.

Ihun da Jibirin ya yi, tsuntsaye sun tashi har daga gonar maƙwabta. Ya zabura da gudu, kifi na reto a hannu, jarkoki na dukan juna a ƙugu, ƙwal ƙwal ƙwal, yana kiran sunan uwarsa. Abin da hauya ta bari na masara ƙafa ta ƙarasa. Sai da Kashim ya tare shi ya danne, ya sa sifana ya buɗe bakin kifin, sannan aka rabu. A daidai nan Ya Kaltumi ta dawo, carbi a hannu. Ta ga ramuka. Ta ga kara a kwance. Ta ga farin rago a ɗaya gefen, ya zaɓi inda masara ta fi goyo, yana ci kamar an gayyace shi. Ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu da Barbarci, kafin ka ce me, mutane sun fito daga cikin gonaki ta ko'ina.

Aka tasa su gaba har gindin bishiyar da Bulama mai garin ke zama, ragon a gaba, mai shi a baya da yatsa a naɗe cikin hula.

Bulama ya ce, "To wa ya yi ɓarnar, ragon ko mai ragon?"

Ya Kaltumi ta ce, "Ragon ya fi shi hankali. Shi ci ya yi. Wannan kuwa kabari ya yi ta haƙa wa masarata."

Jibirin ya gyara murya ya fara bayanin damina da kaka da sanyi, har ya nemi a ba shi gwangwanaye. Bulama ya ɗaga hannu ya ce a bar zancen shekara, a yi na yau: me zai ba tsohuwa? Jibirin ya ce ƙugiyoyi. Aka ce su kama me da su, ɓera? Ya ce jirgi. Kashim ya ce jirgin na surukinsa ne. Ya dubi motar, Kashim ya ce ko da wasa. Idon kowa ya koma kan rago.

Nan Jibirin ya matsa gaban Bulama. Ya durƙusa, kuma wannan karon ba cika baki a muryarsa.

"Ranka ya daɗe, ragon suna ne. Ɗana na fari. Sunan mahaifina zan sa masa. Ku riƙe ni, ku bar ragon ya tafi."

Ya Kaltumi ta ce, "In riƙe ka in ciyar da kai da me? Masarar nan ita jikokina za su ci har ruwa ya dawo. Allah ya raya yaron, amma nawa ma 'ya'ya ne."

Bulama ya yanke: rago zai zauna wurin tsohuwa, ranar da Jibirin ya kawo masarar da ta kai ɓarnar ya zo ya kwance abinsa. Aka ja rago yana waiwaye, bakinsa duk gashin masara.

Sun juyo ke nan sai hadari ya haɗo daga gabas. Ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Kai, ɗan Adam! Mutumin da ya gama durƙuso yanzu-yanzu sai ga shi ya leƙa taga yana dariya.

"Ka gani? Me na ce? Tsaya, Kashim, tsaya! Yanzu tabkin zai cika. Giwan ruwa ɗaya ya fanshi ragon har da canji!"

Ya riƙe sitiyari, suka yi ta kokawa, mota ta sauka daga hanya. Baƙar ƙasar nan kuwa in ta sha ruwa ba ta da mutunci. Tayoyi suka nutse har gindi. Tabki dai bai cika ba. Abin da ya cika shi ne jirgin da ke saman mota, fal har baki, nauyinsa ya ƙara danna su cikin laka. Kashim ya ce a zubar, Jibirin ya ce a'a, ya jefa gaiwarsa ciki don kada ta mutu kafin a kai ta gida.

Kwanakin da suka rage kafin suna a nan suka ƙare, sauro na cin rabonsa, su kuma suna cin ɗanyar masarar da masu wucewa ke jefa musu don Allah. Da ƙyar aka samu masu shanu suka ja motar, aka sallame su da gishiri da koma da ƙugiyoyi.

Safiyar suna suka shigo Diffa, bayan an ƙara sheƙa wani ruwan a hanya. Abin da suka fara gani ya sa Kashim salati. Ashe suna can Komadugu ta iso, ta cika yashinta, gari ya fita tarbar ruwa. Ga mata nan suna hawowa daga bakin kogi, kowacce da kwano a ka, tarwaɗa na motsi a ciki.

"Kashim, ɗan'uwana, bi ta bayan gari. Sauke ni a gida in sake riga."

"Wallahi sai na kai jirgin nan ƙofar mai shi. Na gaji da ganin inuwarsa a kaina."

Ƙofar gidan Ba Bunu cike take. An shimfiɗa tabarmi, liman a tsakiya da farar riga, dattawa kewaye da shi, ga goro da dabino a faranti, ana ta duban hanya. Kashim ya shigo da fushinsa, ya taka birki da ƙarfinsa duka. Mota ta tsaya. Ruwan jirgi bai tsaya ba. Ya taso ta gaba gaba ɗaya ya sauka a kan jama'a, ya tafi da goro, ya tafi da takalma, ya kwaɓe rawanin liman. A ƙarshe gaiwa ta faɗo tim a tsakiyar tabarma, ta buɗe baki tana neman wanda za ta kama.

Dattawa suka watse, masu sanda suka manta sandunansu. Anwar tela, da babbar rigar da ya ɗinka a hannu, dariya ta kayar da shi ƙasa.

"Jama'a ku matsa, a kira ƙarti! Giwan ruwa ya iso!"

Jibirin ya fito, laka har wuya, jarka ɗaya ta rage a ƙugu. Ya buɗe baki, ya ce ai wannan samfuri ne, manyan suna... Kashim ya katse shi, ya ce kafin a kai ga manyan a ba shi wuƙa, rabin wannan nasa ne, kuma ɓangaren wutsiya yake so, ba ya son wajen haƙoran.

Liman ya matse rawaninsa, ya naɗa shi a jiƙe, ya ce rana tana yi. "Malam Jibirin, ina ragon?"

Jibirin ya dubi bayan mota kamar zai ga wani abu a ciki. Ba komai sai guntun igiya.

"Yana... yana kiwo, Malam."

"A ina?"

"A tabki."

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Ba Bunu ya tashi ba tare da ya dubi kowa ba, ya shiga gida, ya fito yana jan ragonsa na layya, wanda ya fi shekara yana tattali. Ya miƙa igiyar ga mahauci, ya koma ya zauna a jiƙaƙƙiyar tabarma. Bai yi faɗa ba, bai yi gori ba, kuma da ya yi da ya fi wa Jibirin sauƙi.

Liman ya matso da kunnensa. "Wane suna za a sa?"

Sunan na nan a bakin Jibirin, wata da watanni yana riƙe da shi. Ya dubi ragon da ba nasa ba. Ya dubi tsohon da ya sunkuyar da kai yana jan carbi, rigarsa na ɗigar ruwa. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi.

Ya ce, "Bunu."

Aka shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar, mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida. Jibirin ya shafa tasa fatihar, ya daɗe bai sauke hannu daga fuska ba.

Da hantsi, bayan ya yi wanka ya sa rigar Anwar mai zurfin aljihu, aka ce ya shiga ya ga yaro. Yakaka na zaune a bakin gado, an yi mata lalle. Ta miƙo masa jaririn. Ya karɓa da hannun da ba ciwo, ya tsura masa ido, hawaye suka zubo masa.

"Goshin Baba ne da shi," in ji shi. "Sak."

Yakaka ta bari sai da ya share fuska.

"Malam, in Allah ya kawo na biyu, sunan Baba za a sa, ni na yi maka alkawari."

Jibirin ya ɗago, idonsa ya fara haske. "Ai in lissafi ya yi daidai, ya faɗo cikin sanyi, lokacin karfasa ke nan. Kin ga sai in..."

"Ragon kuma ni zan yi kiwonsa," ta ce, ta karɓe ɗanta. "Kai ranar suna za a nuna maka shi."